Safa, tufar da ma'aikacin Abuja ya raina alhali kullum sai an gan ta

A ƙarshen watan Janairun 2007, Paul Wolfowitz, shugaban Bankin Duniya na wancan lokaci, ya kai ziyara masallacin Selimiye da ke birnin Edirne na ƙasar Turkiyya. Kamar kowane baƙo, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa. Nan ne masu ɗaukar hoto suka hango abin da ya fi duk jawabinsa jan hankali: safarsa ta huje a ƙafafun biyu, manyan yatsunsa sun leƙo waje. Kafin a ce kwabo hoton ya zaga duniya. Mutumin da ke jagorantar raba wa ƙasashe rancen biliyoyin daloli, ga shi an kama shi da safar da ɗan firamare ma zai ji kunyar sakawa. Bayan 'yan watanni ya sauka daga kujerar saboda wata badaƙala dabam, amma har yau akwai waɗanda ba su tuna komai game da shi sai yatsun nan biyu.

Shi Wolfowitz yana da ɗan uzuri. A birnin Washington mutum na iya shekara guda cur babu wanda ya ga safarsa sai iyalinsa. Ma'aikacin gwamnatin tarayya a Abuja ba shi da wannan uzuri. Idan musulmi ne, zai tuɓe takalmi a masallacin ofis da azahar, ya sake tuɓewa da la'asar, ran Juma'a kuma ya yi sahu da darakta da masinja a Babban Masallacin Ƙasa, inda wanda ke bayansa ba abin da yake kallo idan an yi sujada sai dunduniyarsa. Musulmi ne ko Kirista, idan hadimin wani babba ne, zai shiga falon maigida da daddare a zauna a kan darduma, zai raka shi gaisuwar ta'aziyya, zai bi shi fadar sarki inda ake barin takalmi tun daga zaure. Ko a zauren taro ma, da zarar mutum ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, wando ya ɗage, to abin da ke tsakanin bakin wando da takalmi ya zama na kowa.

Abin mamaki shi ne, mutumin nan ba jahilin sutura ba ne. A ba shi hula Zanna Bukar, zai juya cikinta ya duba ƙarancin ɗinkin, ya faɗi ko aikin hannu ne ko na inji. A miƙa masa yadi, zai murza shi tsakanin yatsu biyu ya bambance shaddar Getzner da kwaikwayonta. Yana da tela na musamman, yana da mai wankin hula na musamman. Amma idan aka zo kan safa, sai ya zuge gilashin mota a cunkoson hanyar Nyanya da Mararaba, ya karɓi ƙulli guda mai ƙafa uku ko shida daga hannun mai talla, ya jefa a kujerar baya ba tare da ya buɗe ledar ba. Idon da ya san ƙimar hula, shi ne dai zai iya sanin ƙimar safa. Raini ne kawai ya hana a yi amfani da shi.

Wani zai ce, a wannan zamani da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, kamar yadda aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024, ga kuɗin mota ga kuɗin haya ga kuɗin makaranta, ai maganar safa mai zane maganar ƙoshi ce. Ƙorafin yana da ƙafar tsayawa, kuma babu mai hankalin da zai ce a rage cefane a sayi safar Ingila. Sai dai lissafin ba ya goyon bayan mai ƙorafin kamar yadda yake zato. Safar da robarta za ta saki bayan wanki uku, dunduniyarta ta huje kafin wata ya ƙare, wadda za a sake saye a sake saye, ita ce mai tsada. Mai ƙaramin ƙarfi ne ma ya fi buƙatar sanin abin da zai duba, domin shi ne ba shi da rarar kuɗin da zai zubar. Araha ba ta ado, kuma a nan ko sauƙin aljihu ba ta kawowa.

Abu na farko da ya kamata a duba shi ne zare, tun kafin launi, tun kafin zane. Likitocin ƙafa na cewa ƙafafun mutum biyu na ɗauke da ƙofofin gumi kimanin 250,000, kuma duk wanda ya taka daga Sakatariyar Tarayya zuwa tashar mota a watan Maris ba ya buƙatar likita ya tabbatar masa. Tambayar ita ce, ina gumin nan yake zuwa? Zaren foliyesta, wanda da shi ake yin mafi yawan safar da ake tallanta a titi, kusan ba ya shan danshi ko kaɗan: bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Auduga na shan kimanin kashi takwas. Ulu ya ninka haka a yanayi na yau da kullum, kuma yana iya ɗaukar kusan kashi talatin cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba. Don haka ƙafar da ke cikin foliyesta tana wuni ne a cikin ruwan kanta, a nan ƙwayoyin cuta ke samun gida, daga nan wari ke fitowa, daga nan ƙaiƙayin tsakanin yatsu ke somawa. Mutane da yawa na ɗora laifin a kan ƙafarsu ko takalminsu, alhali safar ce.

Ita audugar ma hawa-hawa ce. Wadda ake so ita ce mai dogon gashi, irin ta Masar ko irin da ake kira Pima, domin dogon gashi na bayar da zare siriri mai santsi mai ƙarfi, wanda ba ya yin ƙudaje a jikin saƙa bayan wanki. Akwai kuma wata dabara da wani Baturen Ingila mai suna John Mercer ya gano a shekarar 1844: a jiƙa zaren auduga a ruwan soda, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, sai zaren ya kumbura, ya ƙara ƙarfi, ya fi kama rini. Daga baya aka gano cewa idan an ɗame zaren yayin jiƙawar, har sheƙi yake yi kamar alharini. Safar da aka saƙa da irin wannan zare ba ta saurin koɗewa, kuma ita ta fi dacewa da zafin Abuja. Maganar ulu kuwa takan ba mutane dariya, don da an ambace shi sai a tuna rigar sanyi. Amma ulun tumakin merino, waɗanda aka fi kiwo a Ostareliya, siriri ne ƙwarai, kuma safar da aka yi da shi mara kauri ta fi auduga saurin rabuwa da danshi da jinkirin ɗaukar wari. Ga wanda ke wuni a ofis mai sanyi, ko mai yawan rakiyar maigida ƙasashen waje, babu kamarta.

Kada a tsorata idan an ga an rubuta nailan a takardar da ke manne da safar. Auduga zalla ba ta jure gogayyar takalmi, kuma ba ta komawa yadda take idan ta miƙe. Safa mai kyau takan ƙunshi auduga ko ulu kashi saba'in zuwa tamanin, sauran kuma nailan ne da ɗan zaren roba kaɗan. Idan lissafin ya juye, foliyesta ya zama shi ne mai rinjaye, sai a ajiye ta. Idan babu takardar ma gaba ɗaya, ko an rubuta "auduga ɗari bisa ɗari" amma safar na sheƙi irin na leda tana kama gashin hannu, to amsar ta fito. Haka nan a yi hattara da wadda ake cewa ta gora ce. Yawancinta itacen ne aka narkar a sinadari aka fitar da zare. Tana da laushi, ba laifi, amma ba wani abin al'ajabi ba ce, kuma a shekarar 2013 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci wasu manyan kantuna tara saboda sayar da irin wannan zare da sunan gora.

Bayan zare sai saƙa. Tun daga 1589, lokacin da William Lee ya ƙera injin saƙa safa na farko a Ingila, ingancin saƙa ya ta'allaƙa ne da yawan allurai. Injin zamani zagaye yake, allurai jere a bakinsa, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon ƙanƙantar idon saƙar. Safar wasanni mai kauri ana yin ta da allurai kaɗan. Safar kwat ta kirki daga allura 168 take farawa, zuwa 200, har 240. Mai saye a kasuwar Wuse ba zai iya ƙirga allura ba, amma yana iya zura hannu a cikin safar ya buɗe yatsunsa. Idan fatar hannunsa ta bayyana ta tsakanin zaren, saƙar sakwa-sakwa ce.

Sannan ya juya cikinta waje, kamar dai yadda yake yi wa hula. Nan asirin safa mai zane yake tonuwa. Inji na fitar da safa ne kamar bututu, bakin yatsu a buɗe, sai daga baya a rufe. Hanya mai sauƙi ita ce a danna ɗinki ya ratsa, wanda ke barin wani tudu mai kauri a kan yatsu. Tudun nan ne ke gurzar ɗan ƙaramin yatsa a cikin takalmi sau-ciki tun safe har yamma. Hanya mai kyau ita ce a sarƙa idon saƙa da ɗan'uwansa ɗaya bayan ɗaya, ta yadda idan an shafa ba a jin komai. Ga mai ciwon sukari wannan ya wuce maganar jin daɗi, domin ƙaramar gurzuwa a ƙafar da jijiyoyinta suka yi rauni na iya zama gyambo, haka ma robar da ke matse ƙwauri har ta bar shaida. A cikin safar kuma za a ga yadda aka yi zanen. Idan saƙa shi aka yi da zaruruwa masu launi, za a ga bakin zaren a ciki. A safa mai kyau gajeru ne, an datse su tsaf, a maras kyau kuwa dogaye ne suna reto, su ne ke kama farce, su ne ke warwarewa. Idan kuma cikin fari ne fat, waje ne kawai ke da launi, to buga zanen aka yi a kan foliyesta, kuma da an sa ƙafa ta miƙe sai farin ya riƙa leƙowa ta cikin zanen. Wani abin da ba a cika sani ba: safa mai saƙaƙƙen zane ba ta kai maras zane miƙewa ba, saboda zaruruwan launin na riƙe ta. Mai babbar ƙafa ya guji wadda aka rubuta wai tana shiga kowa.

Tsawo ma abin dubawa ne, kuma hukuncinsa gajere ne. Idan mutum ya zauna da kwat, bai kamata a ga fatar ƙwaurinsa ba. Safar da ta tsaya a idon sawu ta filin motsa jiki ce. Wadda ta kai tsakiyar ƙwauri ta wadatar idan robarta na da rai. Wadda ta haye sha-raɓa har zuwa ƙasan gwiwa ita ce ba ta zamewa, domin tudun naman ne ke riƙe ta, ba matsin roba ba.

Sai zanen kansa, wanda a nan ne ra'ayi ke rabuwa. Akwai tsofaffin ma'aikata da ke ganin duk safar da ba baƙa ba ce rashin kamun kai ce. Wannan tsauri ya yi yawa, kuma tarihi bai goyi bayansa ba. Zanen nan na murabba'ai masu tsaye a kan kusurwarsu, wanda siraran layuka ke ratsawa, sunansa Argyle, daga yankin Argyll na Scotland, kuma tun bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya manyan Ingila ke saka shi. A birnin Rum, shagon Gammarelli da ke ɗinka wa Fafaroma tufafi, wanda aka kafa a ƙarshen ƙarni na 18, yana sayar da jar safa irin ta manyan limaman coci, kuma tsohon firaministan Faransa Edouard Balladur ya yi suna da saka ta. Tsohon shugaban Amurka George Bush babba ya shahara da safa mai launi a ƙarshen rayuwarsa, har aka binne shi a watan Disambar 2018 da wadda ke ɗauke da hoton jiragen sama, don tunawa da aikinsa na matuƙin jirgin sojan ruwa. Saboda haka zane a ƙafa ba baƙon abu ba ne a zauren mulki.

Amma a lura da su wa aka lissafa. Shugabanni ne, masu gidan kansu. Justin Trudeau, yana firaministan Kanada, ya karɓi takwaransa na Ireland a watan Mayun 2017 da safa mai hotunan 'yan fim ɗin Star Wars, ƙafar dama dabam ta hagu dabam, kuma jaridu suka bar maganar taron suka koma kan ƙafarsa. Shi ya so hakan. Hadimin da ke zaune a bayan minista riƙe da fayil ba shi da wannan dama, domin aikinsa shi ne kada hankali ya bar maigida ya dawo kansa. Mataimakin darakta da ya je kare kasafin kuɗin ma'aikatarsa a gaban kwamitin majalisa, ba ya so abin da za a tuna da shi ya zama hoton ayaba ko na ƙwallo a idon sawunsa. Gwajin da ya fi dacewa da ma'aikaci mai sauƙi ne: a ajiye safar, a ja da baya taku uku. Idan daga nan ta koma kamar launi ɗaya, sai an matso ake ganin ɗigo-ɗigon ko siraran ratsin ko zanen ƙashin kifin, to ta ofis ce. Idan daga ƙarshen ɗaki tana kiran mutum, ta biki ce ko ta ranar Asabar.

Game da launi, tsohuwar ƙa'idar teloli ita ce tushen launin safa ya bi wando, ba takalmi ba, domin ƙafa ta zama kamar layi ɗaya daga ƙugu zuwa ƙasa. Wando shuɗi mai duhu, safa shuɗiya mai duhu da ɗigon makuba ko toka-toka. Wando toka-toka, safa mai ɗan fin sa duhu. Launi na biyu da ke cikin zanen yana iya ɗauko wani abu daga laktaye ko riga, amma ba dole sai sun zama iri ɗaya sak ba; wanda ya haɗa laktaye da hankici da safa duk yadi ɗaya ya yi kama da ɗan anko. Farar safa da baƙin takalmi a ƙarƙashin kwat kuwa, wannan a bar wa 'yan makaranta.

Kaftani yana da nasa hukuncin, kuma littattafan Turawa ba su san da shi ba. Da takalmi buɗaɗɗe, babu safa, magana ta ƙare. Da sau-ciki kuwa, a tuna cewa hula ta riga ta ɗauki zane, wuyan riga da aljihu sun ɗauki aiki, shaddar kanta da nata furannin. Idan safa ma ta zo da nata surutun, jikin ya zama kasuwa. Nan wurin safa mai launi ɗaya ce, ko mai gwaɓi-gwaɓin saƙa kawai, kusa da launin wandon ko na takalmin. Teloli na yanzu sun koma yanka wandon kaftani ya tsaya a idon sawu, don haka safar ta fi fitowa fili fiye da zamanin da wando ke sharar ƙasa.

Akwai wani al'amari da ya keɓanta da mai alwala. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin musulmin ƙasar nan suka tashi a kanta, ba a shafa a kan safar zare sai in an lulluɓe ta da fata. Wasu mazhabobin, kamar Hanbaliyya, sun sauƙaƙa idan safar mai kauri ce. Tantance wannan aikin malamai ne. Abin da ya shafi wannan magana shi ne, mutane da yawa na cire safa su wanke ƙafa sau biyu a lokacin aiki, sannan su mayar da ita kan ƙafa mai laima don gaggawar samun jam'i. Safar da ake cirewa ana mayarwa haka tana buƙatar baki mai ƙarko da zare mai shan danshi, ƙafar kuma tana buƙatar ɗan ƙyalle a goge tsakanin yatsu. Ɗan tawul da safa ƙafa ɗaya ta ko-ta-kwana a aljihun tebur sun fi turaren da wasu ke fesa wa takalmi amfani.

Ba lallai sai an nemo Pantherella ta birnin Leicester, wadda ke saƙa tun 1937, ko Falke ta Jamus ba, ko da yake wanda tafiya ta kai shi can ya sayi ƙafa biyu zai gane abin da ake nufi. Sunan ƙasa ma ba hujja ba ne. Garin Datang da ke lardin Zhejiang na ƙasar Sin kaɗai yana fitar da kusan kashi ɗaya cikin uku na safar duniya, a cikinta akwai ta banza akwai ta kirki, ɗan kasuwa ne ke zaɓar wadda zai lodo gwargwadon abin da ya san masu saye za su karɓa ba tambaya. Abin takaicin dai shi ne ƙasar da ke da audugar Funtuwa da Gusau, wadda ta kafa masaƙar Kaduna tun 1957, yau yawancin abin da ma'aikatanta ke sa wa ƙafarsu daga teku yake fitowa.

Wanda ya dace da safa mai kyau kuma, kada ya kashe ta da hannunsa. Abu biyu ne suka fi huda safa: farcen babban yatsa da ba a yanke ba, da kaushin dunduniya lokacin hunturu, wanda ke cin zare kamar magagari. Man shafawa da abin yankan farce sun fi sabuwar safa araha. A wanke ta a juye, da ruwan sanyi, ba bilic, a shanya a inuwa, domin zafi da bilic ne ke kashe zaren roba. Kada a maimaita ƙafa ɗaya kwana biyu a jere. Ƙafa shida ko bakwai da ake juyawa sun isa mako. A kuma ja kunnen mai wanki da guga, wanda ya saba bin duk abin da ke cikin ƙullin kaya da dutsen guga mai zafi, cewa safa ba ta cikin abin da ake gogewa.